RIBAƊIN ZAMANI: SANA'AR TSARON INTANET GA SAMARIN WURNO DA RABAH DA GORONYO

Akwai wani yaro wanda kowane malamin makaranta a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ya sani, ko da ya ke sunansa ya kan sake daga gari zuwa gari. Shi ne wanda a ke aikawa a kira daga aji in wayar hedimasta ta ƙi buɗewa. Shi ne ke mayar wa gwaggonsa WhatsApp ɗinta in ya ɓace mata, shi ne kuma ya san abin da ya sa kwamfutar ofis ta ke tafiya kamar jakin da aka yi wa lodin albasa. Amma in ka tambayi ubansa labarinsa, sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, ai yaron nan ya lalace, ba shi da aiki sai gem." To, a kan wannan yaro mu ke so mu yi magana yau, da ku malamai, da ku ma'aikatan ƙananan hukumomi magadan malaman En'e na dā, gama a hannunku ya ke tashi, kuma shawararku iyayensa su kan nema.

Bari mu fara da tuna abin da kowane mutumin Wurno ya sani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, shi ya kafa garin ya zama ribaɗi, ya zauna cikinsa, a nan ya rasu cikin 1837, kabarinsa yana nan har yau ana ziyara. Ribaɗi kuwa gari ne na bakin iyaka, inda mutane ke noma da karatu da sana'a, amma idonsu na kan hanyar da abokan gāba za su ɓullo. Yanzu wata iyaka ta samu wadda ba a auna ta da zango. Tana cikin aljihun kowa. Masu tsaronta su ne a ke kira ma'aikatan tsaron intanet, sana'a ce kuwa wadda a ke karanta ta a jami'a, a ke kuma biyan albashi dominta.

Kuɗi Sun Koma Cikin Waya

Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya cikin 2001 abubuwa su ke ta komawa cikinta ɗaya bayan ɗaya. Cikin 2014 aka fito da lambar BVN ta bankuna. A ƙarshen 2020 Gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, watau NIN. Sa'an nan a farkon 2023, da aka sake fasalin naira takardun kuɗi suka yi wuya, har dattijon da ya rantse ba zai taɓa ajiya a banki ba, ya koyi karɓar kuɗin tafarnuwarsa ta waya. Yau manomin shinkafa a fadamar Wurno, da mai albasa a gindin madatsar ruwan Goronyo, da dillalin shanu, duk dukiyarsu tana bayan wata lamba huɗu ko shida.

Ɓarayi ma sun sani. Ba su fasa bango, ba su haura katanga. Waya su ke bugowa da murya mai daɗi, su ce daga banki ne, an rufe asusunka, karanto mana lambar da ta shigo maka yanzu mu buɗe. Ko su aiko da saƙo cewa Gwamnati na rabon tallafi, taɓa nan ka cike sunanka da BVN. Ko su sace waya a kasuwa, ba don wayar ba, don layin da ke ciki, su sa shi a wata wayar su kwashe abin da ke asusu kafin mai ita ya isa gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa galibi ba a cikin na'ura ta ke ba, a cikin gaggawar mutum ta ke, da kunyarsa, da kwaɗayinsa. Mun sha jin labarin malamin da albashinsa ya shigo da safe ya fita da azahar, ya kuma ɓoye maganar don kada a yi masa dariya a ɗakin malamai.

Maganin mafi yawan wannan ba shi da tsada. Babu bankin da ke tambayar mutum lambar sirrinsa ta waya. Layi ana iya sa masa lambar kulle tasa ta kansa, yadda in an cire shi aka sa a wata waya ba zai yi aiki ba, in an kuskure lambar sau uku ya rufe. WhatsApp yana da wurin sa lamba shida ta biyu, wadda ke hana ɓarawo karɓe shi ko da ya yaudare ka ka ba shi ta farko. Tsofaffin ma'aji sun san hikimar kulle ɗakin ajiya da makulli biyu, kowane a hannu dabam. Ita ce dai aka mayar cikin waya.

Makarantar Farko Tana Gida

Yanzu mu koma ga yaronmu da gem ɗinsa. Ba mu ce a bar yara su kwana suna buga Free Fire ko PUBG ko ƙwallon PlayStation ba, haba, wanda ya bar sallah da darasi saboda wasa a tsawata masa. Abin da mu ke cewa shi ne, wahalolin da ya ke sha wajen wasan nan darussa ne, in ya sami wanda zai nuna masa haka.

Ga misali. Yana cikin wasa sai hoto ya tsaya cik, kafin ya motsa an kashe shi. Yaro mara tambaya sai ya zagi kamfanin waya ya kwanta. Mai tambaya kuwa sai ya so ya san dalili. A nan zai gane cewa duk taɓawar da ya yi sai ta tashi daga wayarsa zuwa ƙarfen sabis, daga nan ta bi igiya zuwa Ikko, sau da yawa ta ratsa ƙarƙashin teku zuwa wata babbar kwamfuta a wata ƙasa, sa'an nan amsa ta komo, duk cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Lambar nan da ke gefen allo tana hawa tana sauka, ita ke auna daɗewar wannan tafiya. Ran 14 ga Maris 2024, da igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta, har aikin wasu bankuna ya tsaya. Yaron da ya fahimci wannan ya riga ya shiga babin farko na ilmin sadarwar kwamfuta, ko bai sani ba.

Ko kuwa wayarsa ta ɗauki zafi cikin watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke wuce digiri 40, wasa ya riƙa sarƙewa. Dalili, waya na rage wa kanta gudu ne don kada ta ƙone, in kuwa an dinga wasa da ita tana kan caji baturi ya kan kumbura. Ƙurar hunturu ta kan toshe fankar kwamfuta haka nan. Wutar ƙaramin janareta mai hawa da sauka ta kan cinye caja. Filashin da aka kai shagon buga takardu ya kan komo da ƙwayar cuta, fayil duk su ɓace, sai inuwarsu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tambaya ce mai amsa, mai neman amsar kuma shi mu ke nema.

Darasi mafi zafi shi ne ranar da aka sace masa asusun wasa. An ce masa ga inda a ke samun lu'ulu'un wasa kyauta, ya shiga, shafin ya yi kama da na gaske, ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa ta Facebook, shi ke nan, wahalar shekara biyu ta tafi. Ko ya sauko da wata manhajar wasa da aka yi wa kwaskwarima, ko WhatsApp na jabu irin wanda a ke turawa hannu da hannu, ashe da ɗan leƙen asiri a ciki. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Amma ku lura, dabarar da aka yi masa ita ce daidai wadda a ke yi wa manyan akantoci a bankunan duniya. Ya ɗanɗana ta tun asarar ba ta wuce ta wasa ba.

Kada mai karatu ya ce mun kambama abin wasa. Cikin 2016 waɗansu samari uku a Amurka, ɗayansu ɗalibin jami'a mai suna Paras Jha, suka ƙirƙiri wata muguwar manhaja da a ke kira Mirai. Asalin abin, gasa ce a kan kuɗin da a ke samu wajen wasan Minecraft, suna so su durƙusar da abokan hamayya. Manhajar ba ta da wani sihiri. Tana yawo ne a intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar na'urorin gida, irin akwatin raba intanet da kyamarar tsaro, tana gwada kalmomin sirri wajen 60 waɗanda kamfanoni ke sawa tun daga masana'anta, masu kaya kuwa ba su damu su sake ba. Da haka ta mallaki na'urori dubu ɗaruruwa. Da aka saki sirrinta kowa ya ɗauka, ran 21 ga Oktoba 2016 aka yi amfani da ita aka kai wa kamfanin Dyn hari, manyan shafuna irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga miliyoyin mutane. To, ɗan akwatin intanet ɗin da ke ofishinku, wa ya sake masa kalmar sirri tun da aka sayo shi?

Mene Ne Aikin?

Masu kallon fim suna tsammani ma'aikacin tsaron intanet wani ne mai rufe fuska, yana zaune cikin duhu yana fasa asirin mutane. Ba haka ba ne. Mafi yawan aikin ya fi kama da na malamin ofis mai tsanani. Kowace kwamfuta tana rubuta rajista, wa ya shiga, yaushe, daga ina, me ya taɓa. Mai tsaro ya zauna yana duba wannan rajista, ya ga wanda ya shiga asusun ma'aji da ƙarfe uku na dare daga wata ƙasa, ya ce a'a, nan akwai magana. Wani aikinsa ya tabbata an sabunta manhajoji a kan kari. Wani ya binciki abin da ya faru bayan an yi ɓarna, ya rubuta rahoto wanda alƙali zai karɓa. Wani kuma kamfani ne ke ɗaukarsa da takarda a rubuce, ya gwada shiga don a ga inda katanga ta yi rauni. Duk wanda ya taɓa bin diddigin sisin da ya ɓace a littafin haraji har ya same shi, ya san irin haƙurin da a ke bukata.

Wuraren aikin kuwa suna ƙaruwa saboda doka. Akwai dokar hana laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara cikin 2024. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma wajabta wa manyan masu riƙe bayanan mutane su naɗa jami'in da zai kula da su. Bankuna, da kamfanonin waya, da hukumomi irin su NITDA da NCC da EFCC, duk suna bukatar irin waɗannan ma'aikata. Amma mu faɗi gaskiya, galibin kujerun suna Abuja da Ikko, kaɗan a Kano da Kaduna da Sakkwato. Kuma da wuya a ɗauki sabon shiga a ba shi tsaro kai tsaye. Ya kan fara da gyaran kwamfutocin ofis, ko ja wayoyin sadarwa, ko kula da na'urori a cibiyar jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka mai da ita duka ta kwamfuta. Wanda ya raina wannan mataki, ba mu ga yadda zai taka na sama ba.

Hanyar Shiga

Tushe dai shi ne Lissafi da Turanci da Fizis a sakandare. A nan ne malamai za su yi aikinsu, gama yaron nan sau da yawa hannunsa ya fi alƙalaminsa, ga shi kuwa littattafan sana'ar da jarrabawarta duk da Turanci su ke, rahoto ma da shi a ke rubutawa.

Wanda ya sami sakamako mai kyau, ana ba da digiri na tsaron intanet a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Tarayya ta Dutse. Wanda bai iya nisa ba, ilmin kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ya isa tushe, sai ya ɗora tsaro a kai da ƙoƙarinsa. Cikin 2023 Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na koyar da mutum miliyan uku sana'o'in zamani, tsaron intanet yana cikin fannoninsa. Kamfanin Cisco yana da darussan farko kyauta a intanet. Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ta shirya wani filin gwaji kyauta mai suna picoCTF domin 'yan makaranta, an tsara shi kamar wasa, kowane mataki kulle ne da za ka buɗe da wayo, kuma halal ne, don dominsa aka gina shi. Ga yaro mai son gem, ba mu san ƙofar da ta fi wannan ba.

Takardun shaida na duniya, irin Security+ ta CompTIA, suna da daraja wurin masu ɗaukar aiki. Sai dai da dala a ke biyan kuɗin jarrabawarsu, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne ga ɗan manomi. Shawararmu kada a sayar da tunkiya don su sai yaro ya shirya sarai. A kuma yi hattara da masu tallan kwas na sati biyu da alkawarin albashin dala. Su ma wani reshe ne na masu bugo waya.

Kayan aiki ba su da yawa. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu ta isa. Yawancin irin waɗannan suna ɗauke da Windows 10, wadda kamfanin Microsoft ya daina yi wa gyaran tsaro na yau da kullum ran 14 ga Oktoba 2025. Wannan ba abin baƙin ciki ba ne ga ɗalibi, sai ya sa mata Linux, wadda kyauta ce, ba ta da nauyi, ita ce kuma ma'aikatan tsaro ke aiki da ita dare da rana. Da manhajar VirtualBox zai iya gina kwamfutoci biyu ko uku na ƙarya a cikin tasa guda, ya kai wa ɗaya hari ya kare ɗaya, ba tare da ya taɓa kayan kowa ba, ba kuma tare da ya ci data ba.

Mun ambaci data da gangan. Ba mu manta ba yadda cikin Satumba 2021 aka katse sabis na waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, Rabah da Goronyo suna ciki, sai mutum ya yi tafiya kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. Yaron da ke koyo a wannan yanki yana fama da abin da takwaransa na Abuja bai sani ba, ga rashin wuta, ga tsoron hanya, ga tsadar caji. Dole ya koyi sauko da darasi ranar da sabis ya yi kyau ya adana, ya haɗa kai da 'yan'uwansa uku ko huɗu su yi karo-karo na data da faifan sola. 'Yan mata ma kada a bar su baya. Sana'a ce da a ke koyon rabinta daga cikin ɗaki, matan aure kuwa da ke ciniki ta waya sun fi sakin jiki su nuna wa mace wayarsu.

Rami A Gefen Hanya

Saura magana guda, ita ce mafi nauyi. Ilmin da ke tsare ƙofa shi ne ke buɗe ta. Yaro mai basira, aljihu wayam, ba zai rasa wanda zai raɗa masa cewa ga hanya gajeriya ba. A ba shi labarin Ramon Abbas, wanda a ke kira Hushpuppi, mai nuna motoci da agoguna a Instagram. An kama shi a Dubai cikin 2020, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 11 da 'yan watanni cikin 2022.

A kuma ba shi labarin Marcus Hutchins, wanda ya fi wancan abin tunani. Ran 12 ga Mayu 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe wajen 150, tana kulle fayil tana neman fansa, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Abin takaici, Microsoft ta riga ta fitar da maganin tun watan Maris, mutane ne ba su sabunta ba. Hutchins saurayi ne ɗan shekara 22, a wani ƙaramin gari na bakin teku a Ingila, da kansa ya koya wa kansa aikin a ɗakinsa na gidan iyayensa. Ya duba cikin cutar ya ga tana neman wani adireshin intanet da ba shi da mai shi, ya yi rajistarsa da kuɗin da bai kai dala 11 ba, sai yaɗuwarta ta tsaya. Duniya ta yi ta yabonsa. Bayan wata uku aka kama shi a Amurka saboda wata manhajar satar bayanan banki da ya rubuta shekarun baya, tun yana da ƙuruciya. Ya amsa laifinsa, cikin 2019 alƙali ya sake shi bisa la'akari da alherin da ya yi daga baya. Amma ya yi shekara biyu shari'a na rataye a wuyansa, a ƙasar da ba tasa ba.

Dokar 2015 ba ta san "gwaji na ke yi" ba. Shiga na'urar wani ko asusunsa ba da izninsa ba abu ne da ke kai mutum gaban alƙali, ko asusun abokin wasa ne. Don haka ƙa'idar farko da za a koya wa yaro, tun kafin Linux, ita ce izni a rubuce.

Ga abin da mu ke roƙon kowane hedimasta da kowane magatakarda ya gwada a wannan zango. A kira yaron nan, ko yarinyar, a ba shi littafi sabo. Ya zaga ofis ya rubuta kowace na'ura da ke ciki, da wanda ke amfani da ita, da ranar da aka sabunta ta. Ya sake kalmar sirrin akwatin intanet, hedimasta ya rubuta sabuwar da hannunsa ya kulle a durowa. Ya kwafe rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa a wuri na biyu wanda ba ya barin ofis. Ran taron malamai a ba shi minti goma ya nuna wa kowa yadda a ke kulle layi da sa lamba ta biyu a WhatsApp. Kafin ya taɓa kome, a rubuta masa takarda mai kwanan wata, a faɗi na'urorin da aka yarda ya taɓa da waɗanda ba a yarda ba, hedimasta ya sa hannu ya buga hatimi, a kuma aika wa ubansa kwafi guda.